Ƙahon Kofur Kalilu da Shanu Goma Sha Huɗu

A shekara ta biyu da ruwa ya ƙi sauka a ƙasar Gobir, 'yan badujalar Sabon Birni suka yanke shawarar bin mutane kudu. Su huɗu ne dama, duk tsofaffin sojoji, suna yawo tsakanin Isa da Sabon Birni da ƙauyukan bakin iyaka, suna busa a bikin aure da faretin makaranta da duk inda wani ya gina ɗaki yana so a sani. To, fari ya zo. Aka daina aure, aka daina gini, 'yan makaranta kuma ba su da ƙarfin ɗaga ƙafa. Wakili, shugabansu, ya saƙale begilarsa a hammata ya haye babbar mota. Na biyu ya cusa sarewarsa a aljihu. Mai ganga ya zauna a kan gangarsa, har ya fi kowa samun wurin zama. Kofur Kalilu kaɗai aka bari a ƙasa, saboda abin da yake busawa ba ya shiga mota.

Ƙaho ne na tagulla, wanda a takardun bariki ake rubuta wa tuba, mafi girma a duk kayan badujala. In an tsayar da shi a ƙasa yana kai wa Kalilu ƙirji, bakinsa kuwa ya isa a yi wa jariri wanka a ciki. Bututu ne dogo ya naɗe kansa ya sake naɗewa, ga maɓallai uku a gefe. Shekara ashirin da biyu Kalilu ya yi yana rungume da shi a soja, da aka zo sallamarsa aka ce ai ƙahon ma ya tsufa, su tafi tare. Tun ranar yake kiransa Dattijo, kuma ba da wasa yake kiransa ba.

"Kohur, ko kai ko shi," in ji direban. "Wanga abu mutum uku za ya hana zama. In ka yarda mu ɗaure shi bisa kaya, tare da turame."

Kalilu ya dubi turamen, ya dubi igiyar da za a ɗaure su da ita, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wakili ya leƙo ta tsakanin katako yana cewa ya bar shi a gida, in sun isa za su samo masa ƙarami. Kalilu ya juya masa baya. Ƙarami! Mutanen nan shekara da shekaru suna tsaye a kan muryar Dattijo ba su san a kanta suke tsaye ba. Sauran kayan busa kunne ke jin su, shi kuwa Dattijo in ya yi magana ciki ne ke fara ji, sannan tafin ƙafa. Kalilu ba shi da gona mai kyau, ba shi da ɗa, lambar yaƙinsa ma ta ɓace a wanki. Muryar nan ce kaɗai abin da ya mallaka wanda babu mai irinsa daga nan har Maraɗi, kuma ita kaɗai yake tsoron rasawa.

Ya koma Unguwar Lalle, gidan da ya gada. Rabin gari sun riga sun tafi, matarsa Saude ma tana wurin danginta tun bara. Ƙaho irin wannan in aka bar shi ba a busawa maɓallansa kan kafe, don haka kullum da hantsi Kalilu kan zauna a tsakar gida, ya ɗiga musu man keken ɗinki, ya rungume Dattijo ya saki murya ɗaya doguwa, ta can ƙasa. Abin da bai taɓa tunani ba shi ne yadda muryar ke zuwa wa wanda ke bayan katanga uku: rugugin hadari sak. Ranar farko mata suka fito da ƙwarya da tasa da duk abin da zai riƙe ruwa, suka jera a ƙofar gida, suka ɗaga kai, sama fes ko gizagizai babu. Rana ta biyu kowa ya san Kalilu ne, amma duk da haka suka fito, don ƙafa takan riga hankali fita. A rana ta biyar tsoho Wada, wanda kunnensa ke jin rugugi amma ba ya jin bayani, ya kwashi irin geronsa na ƙarshe ya je ya binne a gona. Kafin la'asar kurciyoyi sun tone shi tas.

Maigari Maliki ya zo da kansa, ya ƙi zama.

"Kohur, ba mu hana ka sana'arka ba," ya ce. "Amma mutanen ga zucciyarsu ta gaji. In tsawa za ka yi, tahi bayan gari ka yi ta inda babu mai sauran iri."

Kalilu ya ji kunya ƙwarai, don ya ga Wada zaune a bakin gonarsa yana kallon ramukan. Washegari ya ɗauki Dattijo ya yi gabas, ya wuce makabarta, ya wuce busasshen tafki, sai da ya daina ganin rufin gari sannan ya zauna a gindin wani gawo. Ya cika ƙirji ya saki muryar. Bai kai ƙarshen numfashinsa ba sai ya ji motsi a bayan tudu, kamar ana tayar da buhuna daga ƙasa. Ya waiwaya, ya ga ƙahonin shanu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, a bayansu kuma wani Bafillace yana gudu da sanda a kafaɗa, takalminsa ɗaya a hannu.

"Ina bajimin?" mutumin ya tambaya yana haki. "Aradu na jiya shi! Ina yat tahi?"

Kalilu ya nuna masa Dattijo. Mutumin ya zagaya ƙahon sau biyu, ya leƙa cikin bakinsa, sannan ya tuna bai yi sallama ba, ya yi. Sunansa Labbo, rugarsu tana bayan tudun, shi da mahaifiyarsa Inna Habi, don iyalinsa sun yi gaba da tumaki. Shanu arba'in da ɗaya yake da su da fari ya soma, yanzu saura goma sha huɗu, duk mata. Maruƙa sun riga kowa mutuwa, sai tsofaffi, sai kuma kwana shida da suka wuce bajimin garken ya kwanta bai tashi ba. Tun ranar shanun suka kwanta su ma. An yi duka, an yi lallashi, an ɗaga su ta wutsiya, Inna Habi ta kira kowace da sunanta da sunan uwarta, ko kunne ba su karkaɗa ba. An ce akwai wani gulbi a ƙasar Zamfara da bai ƙafe ba, tafiyar kwana tara, amma yaya za a yi tafiyar kwana tara da saniyar da ta ƙi tafiyar taku tara? Rijiyar rugar kuma laka kawai take bayarwa.

Suna wannan magana shanun suka gama dube-dubensu, ba su ga bajimi ba, suka fara naɗe ƙafafu suna komawa ƙasa.

"Sake, Kohur, don Allah sake!"

Kalilu ya sake. Suka miƙe. Ya daina, suka kwanta. Ya sake, suka miƙe. Sau huɗu aka yi haka, har Inna Habi ta iso ta ce su bari, shanu ne ba 'yan fareti ba. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai ido kamar na mai zaɓen tsakuwa a shinkafa. Ta dubi Kalilu sama da ƙasa ta ce, tunda Allah ya ajiye muryar bajiminsu a cikin wannan tulun, sai mai tulun ya shige gaba su bi shi. Ba roƙo ta yi ba, faɗa masa ta yi abin da za a yi.

Kalilu ya ji wani abu ya cika masa ƙirji. Duk shekarun nan a bayan layi ake ajiye shi, begila a gaba ana tafa mata. Yau ga waɗanda ba za su iya tsayuwa ba sai da shi. Ya ce ya yarda.

Aka gwada da safe. Ya rungume Dattijo ya shige gaba yana busa, shanu suka biyo shi, Labbo a gefe, Inna Habi a baya da jaki. Abin gwanin sha'awa har zuwa wata tsamiya da ake hangowa daga rugar. A nan ƙafafun Kalilu suka ce sun gama. Mutum ne ɗan hamsin da biyar wanda rabonsa da ƙoshi ya manta, ƙahon kuma nauyinsa ya kai na rabin buhun gero, ga shi yana cin numfashi kamar zugazugi. Ya faɗi zaune, shanu suka kwanta kewaye da shi. Aka sauke kayan jaki aka ɗora shi a kai da ƙahonsa, jakin ya yi tunani kaɗan shi ma ya kwanta. Aka ce Labbo ya ɗauki ƙahon a baya, Kalilu ya bi shi yana busa, sai ya zama duk takun da Labbo ya yi bakin busar ya bugi haƙoran Kalilu. Kafin azahar an dawo ruga, an yi asarar yini guda da haƙori ɗaya.

Labbo ne ya kawo maganar Ɗanmusa. Maƙerin farin ƙarfe ne a kasuwar Sabon Birni, wanda ke mai da gwangwani fitila, ya mai da fitila mazurari. An ce ya taɓa yanka gadon ƙarfe uku ya haɗa shi yadda wani malami zai riƙa naɗe shi yana ɗorawa a keke. Kalilu ya dubi Dattijo. Ya san a ƙasashen Turawa akwai irin ƙahon nan da ake yi don matafiya, an matse naɗinsa, bakinsa na cirewa, ya taɓa ganin hotonsa wurin wani hafsa. In dai za a cire bakin a rataya wa jaki, a matse sauran ya kwanta a ƙirji, to zai iya. Amma zarto a jikin Dattijo? Ya dubi shanun, ƙasusuwan kwankwasonsu a tsaye kamar turakun rumfa, ya ce su je.

Suka rataye ƙahon a sanda, Labbo a gaba Kalilu a baya, sun lulluɓe shi da zane saboda rana. Duk wanda suka gamu da shi a hanya sai ya kauce ya ce Allah ya ba shi lafiya. Kalilu ya gaji da bayani ya koma cewa amin.

Ɗanmusa gajere ne mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa ɗaya guntu, kuma ba ya katse mutum in yana magana. Wannan hali nasa shi ya cuci Kalilu, don ya ɗauka saurare ake yi. Ya yi bayani dalla-dalla: a yanke bakin a yi masa maɗauri yadda za a cire a mayar, a matse naɗin, amma kada a taɓa tsawon bututun, don muryar a tsawon take. Ɗanmusa yana gyaɗa kai, yana bin bututun da igiya daga inda ake sa leɓe, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya shiga maɓallai ya fito, har ya iso baki. Ya miƙe igiyar a ƙasa, ta wuce rumfarsa ta shiga ta mai sayar da tabarmi.

"Duk wagga hanya iska ka bi?" ya tambaya.

"Duk," in ji Kalilu da alfahari.

"Da cikin ga naka?"

Kalilu ya ja rigarsa ya rufe haƙarƙari. Ɗanmusa ya ce su dawo jibi da hantsi. Ya ɗauko zarto yana gwada kaifinsa da babban yatsa. Kalilu ya yi niyyar zama ya tsare aikin daga farko har ƙarshe, wallahi ya yi niyya, amma da haƙorin zarton ya taɓa tagulla ya yi wannan ƙarar, sai ya ji har cikin ƙashin bayansa. Ya tashi ya fita daga kasuwar bai waiwaya ba. Ya bi Labbo suka koma ruga, suka yini biyu suna sassabo wa shanu ganyen gawo suna kai musu har baki.

Jibi da hantsi Kalilu ya dawo shi kaɗai. Ya duba rumfar bai ga Dattijo ba. Ɗanmusa ya tarbe shi da fara'ar wanda ya yi abin kirki, ya sa hannu a ƙarƙashin benci ya ɗauko wani abu ya miƙa masa. Girmansa bai wuce butar alwala ba. An goge shi yana ƙyalli, maɓallai uku suna nan, naɗi ɗaya tak, ga ɗan baki kamar na mazurarin kananzir, har da marataya ta fata.

"Mi na na wannan?" Kalilu ya tambaya.

"Ƙahonka na. Kohur, na zamna na yi tunani. Wanda yaƙ ƙera shi ƙoshi gare shi. Mutum za shi Isa, sai a ce sai ya bi ta Maraɗi? Ga baki, ga mahita, tsakaninsu taƙi biyu, an ka sa iska yawon gaba uku. Cikin wagga yunwa! Ni ban iya ganin tsohon soja shina ɓarnar lumhwashi. Na rage mata hanya."

"Na ce maka kak ka taɓa tsawon."

"Ka ce. Na ga kunya ta ta hana ka hwaɗin gaskiya."

Kalilu ya tambayi sauran. Ɗanmusa ya nuna masa da haɓa. A can gaban ofishin hakimi ana rabon jar dawar agaji, layi ya miƙe har bakin masallaci. Babban bakin Dattijo yana wurin, an kifa shi a kan buhu ana zuba dawa ta ciki, ma'aikatan suna ta yabon yadda ko ƙwaya ba ta zubewa. Bututun kuwa ya zama ludayi tara da mariƙin guga biyu, kuma Ɗanmusa ya riga ya raba su sadaka ga matan da suka zo daga Tsamaye ba su da abin shan kunu. Ɗaya daga cikinsu tana zaune a inuwa tana ba wata tsohuwa kunu da ludayi mai ƙyalli. Kalilu ya gane wurin, lanƙwasar da ke kwanciya a kan hannunsa na hagu ce, har da ɗan lotsawar da ya yi mata a wani fareti. Ya tsaya yana kallon tsohuwar tana haɗiya. Ba yadda za a yi mutum ya je ya ce a ba shi.

Ya ɗora ɗan ƙahon a leɓe, don kada ya yanke ƙauna bai gwada ba. Ya cika ƙirji kamar yadda ya saba, ya nemi muryar can ƙasa. Abin da ya fito wani siririn kuka ne mai rawa, mai karyewa a ƙarshe. Mai tabarmi ya leƙo yana tambayar wa ya shigo da dabba kasuwa. Ɗanmusa kuwa ya tafa hannu.

"Ka gani? Ko wuyanka bai kumbura ba!"

Kalilu ya so ya zage shi, ya buɗe baki, amma ya ga mutumin nan har zuciyarsa taimako ya yi, kuma ya kwana biyu yana yi. Ya rataya abin a kafaɗa ya kama hanya. Bai taɓa tafiya da sauƙi irin na ranar ba, hannuwansa biyu suna lilo babu abin riƙewa, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin nata ba. Dattijo ya mutu, shi ya kai shi da ƙafarsa, kuma a banza, don shanun da aka yi dominsu bajimi suke jira.

Ya iso ruga rana ta karkata. Shanun suna kwance inda ya bar su, ɗaya ma ta miƙe wuya a ƙasa. Labbo ya taso da sauri yana duba bayansa, yana neman wanda ya ɗauko kayan. Kalilu ya sauke ɗan ƙahon ya ajiye a gabansa ya faɗa masa komai. Labbo ya zauna a kan dugadugansa ya dafe kai. Inna Habi ta ɗauki abin ta jujjuya ta ce a busa ta ji. Kalilu ya ce babu abin ji. Ta ce ba ta tambaye shi ba.

Ya busa, don ta ji ɓarnar da kunnenta a wuce wurin.

Gudale ce ta fara, tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ko lokacin Dattijo ita ce ta ƙarshen tashi. Ta zabura ta miƙe kamar an taka mata wutsiya, ta saki wani irin kuka daga maƙogwaro. Sauran suka tashi a tare. Da Dattijo, tashi suke yi su tsaya suna jiran umarni. Yanzu kuwa gudu suka yo, shanun da jiya ba sa iya korar ƙuda, suka yi kan Kalilu suka kewaye shi, suna sansana ƙafafunsa, suna tura hanci a hammatarsa, suna leƙa bayansa. Gudale ta sa harshe ta lashe shi daga haɓa har goshi, hularsa ta faɗi.

"Maraƙi," in ji Inna Habi a hankali. "Kukan maraƙin da yab ɓace wa uwatai." Ta juya ta goge ido da gefen zane, sannan ta daka wa Labbo tsawa ya tashi ya ɗaure wa jaki kaya.

Haka aka kama hanya. Kofur Kalilu, wanda ya taɓa busa har tagogin bariki suka yi rawa, yana gaba da ɗan ƙaho a hannu ɗaya yana kukan maraƙi, uwaye goma sha huɗu suna biye da shi. Gaskiyar Ɗanmusa ta fito ta wannan fannin, don abin ba ya cin numfashi, mutum zai yini yana busawa yana tafiya. Wahalar ta wani wurin ta zo. Ba ya iya zama ya huta sai an lashe shi. Ba ya iya kewayawa bayan kurmi sai da 'yan rakiya goma sha huɗu. In zai yi salla sai Labbo ya tsaya da sanda yana kare shi, don da ya yi sujada sai su ɗauka faɗuwa ya yi, su zo ɗaga shi da hanci. Da suka ratsa Isa mutane suka fito kallo, wani da ya san shi tun zamanin fareti ya ƙame ya sara masa, Kalilu ya yi kamar bai gani ba. A Kamarawa wani kare ya yi masa haushi, Gudale ta kore shi har cikin gidan mai shi.

Labbo ya yi ta godiya, safe da yamma. Kalilu yana amsawa, amma duk busar da ya yi sai ya ji kamar ƙarya yake yi wa masu makoki. Yana ganin yadda kowace ke ɗaga kunne, kowace tana jin nata ne. Shi kuma leɓensa bai daina neman muryar can ƙasa ba, ko da ya san babu hanyar da za ta bi ta fito.

A rana ta goma, ba ta tara ba, suka hango kore. Gulbin ya janye ya bar yashi mai faɗi, amma a tsakiya akwai ruwa, na gaske, mai gudu. Labbo ya jefar da sanda ya durƙusa. Jaki ya ƙwace ya yi gaba da kayan da komai. Kalilu ya sauke ƙahon daga baki ya rataya shi, ya koma gefe ya ba shanu hanya. Aikinsa ya ƙare, ko ɗaya ba ta faɗi a hanya ba.

Shanun ba su motsa ba. Ruwa yana gabansu taku ashirin, suna jin ƙanshinsa, hancinsu na rawa, amma suka juya masa baya suka tsaya suna kallon Kalilu. Labbo ya kira, ya yi fito, ya ja Gudale ta kunne, ta fizge ta dawo gaban Kalilu ta tsaya.

"Ba su sha," in ji Inna Habi. "Uwa ba ta shiga ruwa ta bar ɗiyanta bisa tudu. Shiga, Kohur." Ta ƙara da abin da Kalilu ya riga ya fara ganewa. "Kuma kak ka yi shirin komawa. Sun rasa sau ɗaya, ba su ɗaukar na biyu. Sai sun samu bajimi, sun haihu, sun ga nasu da ido."

Kalilu ya yi lissafin watannin a ransa, ya ga sun haura shekara. Ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga ruwan har gwiwa, sanyinsa ya ratsa shi. Ya juya ya fuskance su. Kafin ya ɗaga ƙahon sai ya gwada wani abu, shi ma bai san dalili ba: ya rufe baki ya nemi muryar Dattijo da maƙogwaronsa, ya tura ta ƙasa iyakar ƙarfinsa. Ɗan gurnani ne ya fito, ruwa ya tafi da shi, ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kunne ba. A nan ne ya tabbata ba zai sake jin ta ba har ya mutu, kuma babu wanda zai tuna yadda take sai shi. Tun daga rumfar Ɗanmusa bai yi kuka ba, don tsohon soja ne, kuma bai san ta inda ake farawa ba.

Ya ɗora ɗan ƙahon a leɓe ya busa. Kukan ya fito siriri, yana rawa, yana karyewa, na abin da aka raba da wanda ya saba jingina da shi. A karon farko bai ji ƙarya yake yi ba. Ya ci gaba da busawa, hawaye na gangarowa suna shiga gefen bakinsa, bai tsaya gogewa ba.

Gudale ta tako yashin ta shigo ruwan, ta zo ta tsaya ta jingina kafaɗarta da shi har ya kusa faɗuwa. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye shi. Sai da suka tabbata yana tsakiyarsu, sannan suka sunkuyar da kai suka fara sha.